Sunan da Na Faɗa a Jinaina

Da sunan Allah nake farawa, Mai kai bawa inda bai taɓa zato ba, Ya kuma dawo da shi gida. Ni ban yi boko ba, allona ma bai wuce ƙananan surori ba, amma takardun shaida iri-iri sun bi ta hannuna, tun daga wadda aka yi mana a zamanin Turawa har zuwa katin nan mai santsi da aka danna yatsuna kafin a ba ni. Ta farkon ita ce mai labari. Ku gyara zama, tafiyar da nisa.

Kafin takarda, fuska ce takarda. Kakanninmu da suka tafi gabas a ƙafa ba su riƙe komai ba sai sanda da gora. In sun isa zango, sarkin zango ya dubi kumatun mutum, ya ga aikin wanzami, ya ce kai Bakano ne, kai Bagobiri, kai Babarbare, ga masaukin 'yan'uwanka can. Haka muka taso muna ji. To, da tamu tafiyar ta zo, sai aka ce zamani ya juya: duk mai ƙetare ƙasa sai da fasfo, fasfo kuma sai da hoto.

Yunwa ce ta fitar da mu daga ƙauyenmu na ƙasar Dawakin Tofa. Ruwa ya ɗauke gero yana ciki, shekarar da ta biyo ma haka. Rumbuna suka zama wurin kwanan kaji. Muka ci rama, muka ci tafasa, har dusa muka tuƙa. Malam, maigidana, ya ce ya ji ana neman hannu a gonakin audugar Sudan, daga can kuma Makka ba ta da nisa. Mu je mu yi aiki, in Allah Ya kira mu mu amsa. Ni kuwa duk da cikina yana kuka, murna ta cika ni. Ko Birni ban taɓa shiga ba, ga shi ana yi mini zancen teku.

Muna da 'ya ɗaya a lokacin, 'yar fari, ko famfara ba ta fara ba. A nan sai na yi wa yaran yanzu bayani. A wajenmu 'yar fari ba ta uwa ba ce. Ba a ɗaukarta a gaban mutane, ba a yi mata wasa, ba a kiran sunanta. Tun da aka yaye ta, tsohuwar Malam ta karɓe ta, a ɗakinta take kwana, ita take ce wa Inna. Ni Yaya take ce mini, kamar yadda ta ji ƙannen Malam suna faɗa. Ƙari a kan haka, sunan tsohuwar aka sa mata. Sunan 'yar fari, kuma sunan suruka, kunya biyu a kan suna ɗaya. Ko laƙabin da 'yan gida ke kiranta da shi ban taɓa faɗa ba. In ina nemanta sai in ce "ke", ina kallon bango. Tsohuwa ta so a bar mata ita, amma da ta leƙa tukunya sai ta ce mu tafi da ita inda ake samun tuwo.

A Birni, wajen Fagge, aka haɗa mu da wani dillalin hanya, mai zaƙin baki da babbar jakar fata, wanda ya ce shi ke shiga ofis ya fito wa matafiya da takarda. Ya kai mu gun mai hoto. Aka zaunar da ni da Malam a benci, kafaɗa da kafaɗa, abin da ban taɓa yi a gaban jama'a ba. Mai hoto ya ce in ɗora yarinyar a cinya. Ga yayan Malam da ya rako mu yana tsaye yana kallo. Na sunkuyar da kai, na ɗan ture ta da gwiwar hannu. Aka ce to Malam ya ɗauke ta. Shi ma 'yar farinsa ce, sai ya hau gyaran rawani. Dillali ya yi dariya, ya ce a ƙyale ta, yara ba su da hoto, zai sa a rubuta ta a ciki da alƙalami. Mai hoto ya cusa kansa cikin baƙin zane kamar mai sirace, ya ce kada mu motsa. Yarinyar tana gefe tana shan rake.

Da fasfon ya fito, ɗan littafi ne mai tauri, ga fuskokinmu a ciki. Ranar na fara ganin kaina ba a madubi ba, idanu waje kamar wadda ta yi karo da kura. Na yi ta roƙon Malam ya sake buɗe mini in gani. Rubutun boko ne duk a ciki, Malam kuwa Larabci da ajami ya iya. Ya tambayi dillali ko an sa yarinyar, shi kuma ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce ga ta nan. Muka yi hamdala. Ashe layin nan sunan garinmu ne, ba a rubuta ta ko'ina ba, amma wannan sai can gaba muka sani. Malam ya sa baduku ya ɗinka wa fasfon kube, ya rataya shi a wuya ƙarƙashin riga kamar laya.

Muka hau babbar mota mai bodin katako, mata a tsakiya a kan buhuna, maza a gefe suna riƙe da ƙarfe. A nan Allah Ya haɗa ni da Goggo Delu, wata gwauruwa 'yar Kunci, mai murya kamar kakaki. Ta ce ita mutuwa za ta je yi a Makka, amma duk motar ba wanda ya kai ta cin guzuri. Kallo ɗaya ta yi mini da yarinyar ta gane. Ta ce, "'Yar fari ce ko? Miƙo ta nan, ni tawa kunyar ta tsufa ta zube tare da haƙora." Daga ranar a cinyarta yarinyar take zama, duk wanda ya gan mu sai ya ɗauka jikarta ce.

Muka yi ta tafiya, muka yi ta tafiya. A Yerwa na ga mata da kitso a tsaye kamar tukku, suna wani yare da ko kalma ban tsinta ba, na tsaya baki buɗe har Malam ya yi gyaran murya. Muka wuce muka iske babban kogi a Kusuri. Ni da ban san ruwan da ya fi kududdufin bayan gidanmu ba, ga ni a cikin kwale-kwale, ga dorina can tana hamma. Tsoro da daɗi suka haɗu a ƙirjina, ina salati ina leƙe. A ƙetare, 'yan sandan Faransa masu gajeren wando suka karɓi fasfo, suka buga hatimi ba tare da sun ɗaga kai sun dube mu ba, yarinyar tana barci a bayan Goggo Delu. A Folomi, babban garin ƙetaren kogin, na ga burodi dogo kamar taɓarya, mutum ya maƙale shi a hammata yana tafiya. Na ce wa Goggo Delu, in muka koma gida na faɗi wannan, cewa za a yi rana ta taɓa mini kai.

Daga nan hanya ta yi tsanani. Wani direba ya sauke mu a dokar daji, ya ce zai je gyaran mota ya dawo, har yau bai dawo ba. Wasu Larabawa masu raƙuma suka tsince mu, suka ba mu nono, suka ɗora tsofaffi da yara har Abashe. A Abashe guzuri ya ƙare, muka zauna neman na gaba. Malam yana ɗinkin hula yana ga-ruwa, ni ina yi wa matan gari daka da surfe. A nan kewar gida ta kama ni. Miyarsu ba daddawa. Wata rana Goggo Delu ta kwance bakin zanenta ta fito da wata 'yar curin daddawa da ta ɓoye tun daga Kunci, ta jefa a tukunya. Ƙamshin ya tashi, sai ga ni ina hawaye a kan murhu, ina cewa hayaƙi ne. In tsakar gida ta yi shiru ba kowa, nakan jawo yarinyar in duba mata kai, in tura mata ƙanzo a hannu. Da na ji motsin mutum sai in ce, "Ke, tashi daga nan."

Da muka tara abin mota muka nufi Jinaina, ƙofar ƙasar Sudan. Nan ne ba a wasa da takarda. Aka fara tsare mu a wani shinge aka yi mana lamba a dantse saboda agana, aka ba kowa wani kati ruwan ɗorawa, takarda ta biyu ke nan a rayuwata. Sannan da hantsi aka jera mu a gindin wata babbar bishiya, inda wani babban ma'aikaci yake zaune a tebur, dogo, baƙi, da tabarau. A gefensa akwai tafinta, jikan Takari, wato Hausawan da suka tafi gabas tun da can suka zauna. A can aka haife shi, bai taɓa ganin Kano ba, Hausarsa ma ta fara karyewa.

Layi ya zo kanmu. Goggo Delu ta riga ta wuce da nata fasfon, ta saki hannun yarinyar a gefena. Ma'aikacin ya dubi hoto, ya dube mu. Biyu a hoto, uku a gabansa. Ya juya shafi, ya sake juyawa, bai ga abin da yake nema ba. Ya tambaya ta bakin tafinta: yarinyar nan ta wace ce?

Bayanmu dattawan ƙasarmu ne a layi, duk suna ji. Malam ya yi tari, ya dubi yatsun ƙafarsa, ya ce, "'Yar tsohuwa ce." A maganar gidanmu gaskiya ya faɗa. Aka ce ina tsohuwar? Ya ce tana gida.

Ma'aikacin ya taso ya durƙusa gaban yarinyar, ya miƙa mata dabino. Ya tambayi sunanta, ta raɗa wa tafinta a kunne. Ya ce ina uwarki? Ta ce, "Inna tana gida. Ta ce in na ci tuwo na ƙoshi in dawo." Ya nuna ni, ya ce wannan fa? Ta ce, "Yaya ce."

Sai fuskarsa ta sauya. Ya miƙe, ya tsaya a gabana, ya ce in faɗi sunan yarinyar. Malam ya buɗe baki, ma'aikacin ya ɗaga masa hannu, ya ce matar yake tambaya.

Jama'a, harshena ya manne a dasashi. Sunan yana nan a ƙirjina, da shi nake kwana da shi nake tashi, amma hanyarsa zuwa baki ba a taɓa buɗe ta ba. Na ja mayafi, na dubi ƙasa. Ya sake tambaya. Na ƙara sunkuyawa. A ƙauyenmu da an ce wannan 'yar mutunci ce. Shi kuwa abin da ya gani, mace ce da ba ta san sunan 'yar da take tafe da ita ba.

Tafinta ya yi mana bayani, kuma ba zan ɗora wa mutumin nan laifi ba. Ya ce akwai masu ɗebo 'ya'yan mutane a hanyar nan su ce nasu ne, in an ƙetare teku su bayar da su bauta a gidajen masu hali. Don haka doka ta ce duk yaron da ba ya cikin takarda, kuma ba a tabbatar da iyayensa ba, a mayar da shi inda aka fito da shi, a damƙa wa hukumar can. Ga mota can a bakin shinge ta juya hanci yamma, da wasu yara a ciki da ɗan sanda.

Nan Malam ya manta da dattawa, ya ce wallahi 'yarsa ce ta cikinsa. Ma'aikacin ya ce ɗazu ba haka ka faɗa ba. Malam ya nuna billen kumatunsa, ya nuna na yarinyar, iri ɗaya, askar wanzami ɗaya. Ma'aikacin ya ce tsaga gari take nunawa, ba ta nuna cikin da ya haifa. Ranar na ga takardar kakanninmu ta daina aiki a gaban idona. Goggo Delu ta dawo da gudu tana bayanin kunyar 'yar fari, tana rantse-rantse. Tafinta ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa jin uwar da ba ta kiran sunan ɗanta ba, tasa uwar tun safe har yamma kiransa take. Goggo Delu ta ce, "Kai ai auta ne, ga alama nan a kumatunka." Mutanen layi suka yi dariya, amma ma'aikacin bai yi ba. Ya ce ba ya karɓar shaidar 'yan mota ɗaya. Ya yafuto ɗan sanda.

Ɗan sanda ya kama hannunta suka nufi mota. Ba ta yi kuka ba. Ta saba a miƙa ta daga hannu zuwa hannu. Da suka yi nisa ta waiwayo, kuma ba ni ta nema da ido ba, Goggo Delu ta nema. Wannan waiwayen shi ya tsaga ni. Na ga yarinyar nan za ta koma ta dajin da muka sha wuya, ita kaɗai, hannun waɗanda ba su san ƙauyenmu ba, tana tafe da sanin cewa ba ta da uwa a cikin taron nan.

Goggo Delu ta mintsine ni a cinya, mintsinin da na daɗe da tabonsa. Ta ce, "Ke 'yar nan, surukarki tana Dawaki, ba ta jin ki. Ajiye kunyar nan a gindin bishiyar nan, in mun dawo kya ɗauki abarki."

Direba ya tayar da mota. Ɗan sanda ya ɗaga yarinyar, ƙafarta ɗaya ta taka taya.

Sai na kira.

Ban san ina da murya irin wannan ba. Ta fito tun daga tafin ƙafata. Sunan yanka na kira, cikakke, yadda liman ya faɗa ranar suna, na sake kira, na sake. Tsuntsayen kan bishiya suka tashi. Malam ya ji sunan mahaifiyarsa a bakin matarsa, ya ja rawani ya rufe fuska. Dattawan layi suka kau da kai kamar an yaye mini zane.

Yarinyar ta tsaya cak. Ta dubi Goggo Delu, ta ga bakinta a rufe. Ta dubi Malam. Sannan ta gan ni, mayafi ya zame, hannuna biyu a buɗe. Ta zame daga hannun ɗan sanda ta sheƙo, dabinon yana hannunta, ta faɗo a gwiwoyina. Na sure ta a gaban kowa da kowa, na rungume, ina jin zuciyarta tana bugawa kamar ta ɗan tsako. Ta ɗago ta dube ni sosai, ta ce, "Yaya, ashe kin san sunana?"

Ma'aikacin ya tambayi tafinta abin da ta ce. Tafinta ya faɗa masa, kuma wannan karon bai yi dariya ba. Mutumin ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Ya ce a kira masa tsohuwar nan mai murya ta sake bayanin da ta yi. Goggo Delu ta gyara tsayuwa ta zuba masa tun daga yaye har zuwa benci da mai hoto, har da kwaikwayon yadda Malam ya yi gyaran rawani, duk da ba ta wurin, a bakina ta ji. Ma'aikacin ya yi ta girgiza kai. Daga ƙarshe ya ce ya ga masu ƙarya da yawa a teburin nan, amma bai taɓa ganin wanda gaskiya ta yi wa nauyi haka ba. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta ta a ƙarƙashin hotonmu da Larabci, ya buga hatimi. Malam ya karɓa ya duba. Layin nan shi ne na farko a duk littafin da ya iya karantawa da kansa. Leɓɓansa suka motsa, ya gyaɗa kai, ya mayar cikin kube.

Ranar ni na goya ta zuwa mota, ƙafafunta suna dukan ƙwaurina don ta wuce goyo. Goggo Delu ta ce in sassauta majanyi kada in kashe 'yar mutane da ƙauna ta rana ɗaya.

Sauran hanyar mai sauƙin faɗa ce. Muka isa Lubayya muka hau jirgin ƙasa, ina leƙen taga har ƙwayar gawayi ta faɗa mini a ido. Muka zauna a ƙasar Madani muna cirar auduga, muka koyi cin kisira, wainar dawarsu mai faɗi, na haifi ƙannenta biyu, su kuma tun suna tsumma Malam ya kai aka rubuta su. Muka ga teku a Sawakin, muka ƙetare, Allah Ya nuna mana Ɗakinsa. Goggo Delu da ta je mutuwa ta dawo Kunci da haƙorin Makka, ta yi shekaru tana ba da labarina a gidajen biki. Da muka biyo ta Jinaina a hanyar dawowa, bishiyar tana nan. Na tsaya a gindinta na ɗauki abata, kamar yadda aka yi alkawari.

Mun dawo mun tarar Turawa sun tafi, fasfonmu ya zama tsohon yayi, an fito da kore mai tambarin ƙasa. Daga baya aka ce matar aure ma ta yi nata ita kaɗai, yaro ma nasa, ko jariri sai an ɗauki hotonsa. Na ce da haka aka yi tun farko, da ban sha mintsini ba.

Da aka zo yin katin ɗan ƙasa, yarinyar nan ce ta zo daga Bacirawa ta kai ni Dawakin Tofa. Yanzu Hajiya ce, da jikokinta, kanta ya yi fari kamar nawa, har yau kuma Yaya take ce mini. Wata budurwa mai na'ura ta danna yatsuna a kan gilashi, ta ɗauki hotona ba tare da ta shiga baƙin zane ba. Sannan ta ce, "Hajiya, wa za a nema in wani abu ya taso? Faɗi sunansa."

Na nuna ta da haɓa, na dubi bango.

Budurwar ta ce sai na faɗa da bakina. Ita kuwa waccan ta dafa tebur tana dariya har da hawaye, ta ce, "Ƙyale ta, 'yata. Kafin ki ji sunan nan a bakinta sai kin kawo ɗan sanda da mota." Ta faɗi sunanta da kanta.

Na ce wa mai na'ura, "Rubuta abin da ta gaya miki. Ni na riga na faɗa. Yana can Jinaina, da hatimi a kansa."